Tiyata Babu Ɗinki

Ranar da aka sallamo maigidana Habila daga asibiti, bai ma gama zama a kujera ba yayansa Godwin ya ɗage masa riga. Babu sannu, babu ya jiki. Ya leƙa ciki, ya leƙa kwiɓi, ya juya shi ya duba baya, sannan ya ɗago ya zuba mini ido.

"Maman Mercy, ina wurin?"

"Wurin me, Yaya?"

"Wurin da aka yanka mana! Ba tiyata kuka ce an yi masa ba?"

Na ce an yi, amma irin wadda ba a yanka ce. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci wadda har gobe in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Bari in koma baya kaɗan. Habila mutumin Zonkwa ne, direba a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya nan Kano. Ni kuma 'yar Pankshin ce, ina koyarwa a firamare, kuma muna haya a Gyadi-Gyadi tun 'yarmu ta fari, Mercy, tana goye. Mutum ne da zai wuni a mota bai kurɓi ruwa ba, wai don kada ya riƙa tsayar da oga a hanya saboda fitsari. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Wata Asabar da hantsi ina wanki sai na ji ihu daga ɗaki. Na tarar da ƙaton mutum yana birgima a siminti, ya riƙe kwiɓin dama yana kiran sunan Yesu. Ni da na haihu sau huɗu ban taɓa yin irin kukan nan ba.

Ina da wata ƙanwa, Rebecca, 'yar ƙanwar mahaifiyata, nas ce a wani asibitin kuɗi a Tarauni. Ita na kira, ta ce maza mu taho. Maƙwabta suka kama mini shi muka cusa a Adaidaita Sahu. Da aka yi masa hoto sai aka ce tsakuwa ce a ƙodar dama, ta kusa girman ƙwallon dabino, ta zo ta toshe bakin hanyar da fitsari ke sauka.

Likitan, Dakta Inuwa, ya zaunar da mu ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce a da sai an tsaga kwiɓi a ciro tsakuwar da hannu, amma yanzu suna da wata siririyar na'ura mai ido a baki. Ta inda fitsari ke fitowa za su bi da ita har su iske tsakuwar, sai su harbe ta da wani haske mai ƙarfi da ake kira lesa, ta farfashe ta zama gari, garin ya biyo fitsari ya fita. Daga nan ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wata siririyar roba mai lanƙwasa a kai da gindi. Ya ce irinta zai bari a ciki, daga ƙoda zuwa mafitsara, don hanya ta zauna a buɗe har kumburi ya sauka, kuma bayan 'yan makonni dole a dawo a zare ta.

"Madam," ya ce da ni, "ko kin manta komai, ki riƙe wannan. Robar nan baƙuwa ce. In ta daɗe a ciki ita ma tsakuwa take tarawa, kuma tana iya kashe ƙodar gaba ɗaya."

Na ce na riƙe. Aka yi aiki lafiya, washegari da yamma muka dawo gida da ƙafafunsa, shi ne Yaya Godwin ya tare mu da ɗage riga.

Shi Yaya Godwin tsohon soja ne, yana zaune a Hotoro. Ba zan ci haƙƙinsa ba, shi ya riƙe Habila tun mahaifinsu ya rasu, shi ya sa shi makaranta, shi ya koya masa tuƙi. Shi ya sa maganarsa a wurin maigidana ta fi ta fasto nauyi. Matsalar ita ce shi ma an taɓa cire masa tsakuwa, tun yana bariki, kuma tasa ta yanka ce. Yana da tabo daga kusa da cibiya har gadon baya, tsakuwar kuwa tana nan cikin wata tsohuwar kwalbar man zafi, yana ji da ita fiye da lambobin da ya samo a soja. Washegari sai ga shi da kwalbar a aljihu.

A ranar gidan cike yake da 'yan dubiya, matan Zumunta na cocinmu da abokan aikin Habila, kowa da kwanonsa ko ledar lemo. Kun san yadda dubiyar wanda aka yi wa aiki take a wurinmu. Sai an ɗaga riga an ga filasta, an kama baki an ce kai, sannu, ka sha wuya. In an ciro wani abu sai an miƙa shi hannu zuwa hannu kowa ya gani. To mu ba mu da filasta, ba mu da abin miƙawa. Ina ganin yadda matan ke kallon juna ta wutsiyar ido. Yaya Godwin ya tsaya a tsakiyar falo ya kwance maɓallan rigarsa, ya karkaɗa kwalbarsa ta yi ƙwal-ƙwal.

"Ga tiyata," ya ce. "Gani ya kori ji. Amma a ce haske ya shiga cikin mutum ya fasa dutse bai ƙona masa hanji ba? Haba jama'a, ko yaron goye aka gaya wa ai sai ya yi tambaya."

Maganar gaskiya, ni ma abin ya ɗan taɓa ni. Bayan sun watse na zauna ina kallon cikin mijina sumul, ina cewa a raina, anya kuwa? Barci kawai suka sa shi suka ba shi maganin kashe zafi, wa ya sani? Sai na tuna Rebecca ta ce in muna son ganin ɓurɓushin mu riƙa tace fitsarinsa. Na ɗauko sabon ƙyallen da nake tatar kamu da shi, na ɗaura a bakin wani tsohon bokiti, na ce daga yau nan za ka riƙa yi. Ya yi tsaki amma ya yi. Kafin mako ya zagayo na tara wani abu kamar yashi, ja-ja baƙi-baƙi, mai kaifi in ka murza a yatsa, ya kusa cika murfin kwalba. Hankalina ya kwanta, na ce Allah na gode, na yi hadayar ƙyallena ba a banza ba.

Da murnata na nuna wa Yaya Godwin. Ya murza, ya shinshina, ya kaɗe hannu a wando.

"Wannan ai yashin Kano ne. In kina so yanzu in fita ƙofar gida in ɗebo miki buhu."

"Yaya, daga jikinsa ya fito, ni na tace da hannuna!"

"Ke kika tace," ya ce, yana jan maganar. "Eh, ke kika tace."

A lokacin ban gane inda ya dosa ba.

Kwanakin nan kuwa wayoyin mutane cike suke da saƙonnin murya na satar ƙoda. Wai an kai wata aikin ciki ta farka babu ƙoda ɗaya, wai ana sayarwa a ƙasar waje. Babu mai sanin wanda ya yi maganar, babu mai sanin garin, amma kowa na turawa. Yaya Godwin ya riƙa turo wa ƙaninsa su safe da yamma. Shi kuma Habila robar tana damunsa kamar yadda aka gaya mana za ta yi: fitsari a kai a kai, wani lokaci da ɗan jini, wani lokaci suka a kwiɓi. Duk sanda ya yamutsa fuska sai Yaya ya girgiza kai ya ce ruwa ba ya tsami banza.

Da lokacin cire robar ya yi, Rebecca ta kira ta ce mu zo ranar Talata, aikin bai kai a sha kofin shayi ba. Na goge wa Habila kaya. Ranar Litinin da yamma sai ya dawo daga Hotoro fuska a ɗaure ya ce ba inda za shi.

"Baban Mercy, me ka ce?"

"Na ce ba ni zuwa. Yaya ya fahimtar da ni. Zuwan farko auna ƙodar suka yi su ga ko lafiyayya ce. Zuwa na biyu shi ne na ɗauka."

"Ɗauka ta ina? Ƙoda za ta fito ta hanyar fitsari?"

"Waɗanda suka iya fasa dutse da haske, me ba za su iya ba?"

Tirƙashi! Jiya-jiya an ce hasken ƙarya ne, ba a yi komai ba, yau kuma hasken ya zama mai iya zare ƙoda. Na ce to robar fa? Ya ce babu wata roba, dabara ce ta jawo shi ya koma. In kuma akwai, to alama ce suka sa masa kamar yadda ake shafa wa ragon da aka saya fenti. Na ce ku zaɓi ɗaya mana, akwai ko babu? Ya ce in bar shi ya ji da abin da ke damunsa.

Rebecca ta kira har ya toshe lambarta. Dakta Inuwa da kansa ya kira, Habila ya miƙa wa Yaya wayar, shi kuma ya ce in suka sake damun ƙaninsa zai kai su wurin 'yan sanda. Sai yarinyar nan ta tako har gida bayan ta tashi aiki, da fararen kayanta, ta tarar Yaya Godwin ya zo, ta durƙusa ta gaida shi, ta ce Baba don Allah a bari a cire, ko ba a wurinmu ba, a je kowane asibiti. Ya dube ta sama da ƙasa.

"'Yata, tunda nake ban taɓa ganin asibitin da ke bin mara lafiya har gida ba. Wannan naci na mene ne? Me kuka gani a jikinsa?"

Ta fita tana kuka. Na bi ta har bakin titi ina ba ta haƙuri, kunya kamar in nutse.

Ranar Lahadi bayan sujada a coci aka kira ni Hotoro, wai zaman iyali. A nan ne aka fasa ƙwan. Yaya Godwin ya jero su ɗaya bayan ɗaya, a gaban matarsa da ƙannensu mata biyu: wa ya zaɓi asibitin? Ni. 'Yar'uwar wa ke aiki a can? Tawa. Wa ya kawo yashi ya ce daga jikinsa ya fito? Ni. Wa ya fi kowa matsawa a koma? Ni. Ya ce shi bai ce komai ba, amma biri ya yi kama da mutum, kuma a zamanin nan har da la'ada ake ba wanda ya kawo kaya.

Na juya na kalli Habila. Jira nake ya buɗe baki ya ce haba Yaya, matar da ta haifa mini 'ya'ya huɗu? Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Wallahi da mari ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi. Zuciya ta ɗebe ni na miƙe na ce, "Ku faɗi abin da kuka ga dama, amma mutumin nan ko a sume ne sai na kai shi an cire robar nan!"

Ashe na ba su sanda. Tun daga ranar Habila bai sake cin abincin da na zuba masa shi kaɗai ba. In na ajiye tuwo sai ya ce in zo mu ci tare, ya jira na kai loma sannan ya sa hannu, kuma daidai gefen da na gutsura. Ruwan da na ɗebo a kofi ba ya sha, sai na leda da ya huda da haƙorinsa. Ba ya faɗa, ba ya zagi, kallo kawai. Fiye da shekara ashirin muna kwano ɗaya da mutum, yau yana tsoron in zuba masa maganin barci. Na yi kuka a makewayi, na yi a makaranta bayan yara sun tashi. Na kai ƙara wurin fasto, ya zo ya yi magana, Habila ya ce to Baba, za a duba. Ba a duba ba.

Haka muka ci damina biyu. In ciwon ya motsa sai ya tsaya a kemis ya sayi ƙwayoyi, ya lafa, Yaya ya ce ka gani, da ka koma da yanzu wani Bature ke yawo da ƙodarka. Ni kuwa duk sanda ya shiga makewayi kunnena na bakin ƙofa. Na ga fitsarin ya koma kamar ruwan wanke shinkafa, na ji warin ya canza, na ga wandunansa sun fara yi masa yawa. In na yi magana sai ya ce na fara ko? Sai na koyi yin shiru, ba don na haƙura ba, don dai ya ci abinci.

Wata Alhamis da rana aka kira ni daga ofishinsu, wai ya fito daga mota jiri ya kwashe shi. Na same shi jiki kamar garwashi, haƙora na haɗuwa. A hakan ma da ya ga Adaidaita Sahun da muka hau ya juya wajen Tarauni sai ya damƙe hannun direban yana cewa ba can ba, ba can ba. Yaya Godwin ya iso a guje ya ce shi zai zaɓi wuri, kuma kafin kowa ya taɓa ƙaninsa sai an yi hoto an ƙirga masa ƙodojin a gaban idonsa. Na ce ko a ina ne, in dai za a duba shi.

Muka je wani wurin ɗaukar hoto da shi ya zaɓa, wanda ba su san ni ba, ba su san Rebecca ba. Mai hoton ya shafa wa Habila mai a kwiɓi yana goga na'urarsa, Yaya na tsaye a kansa.

"Guda nawa ne?"

"Biyu ne, Baba. Ga ta hagu lafiya lau. Amma ta daman nan..." Ya matso da fuska. "An taɓa sa masa roba? Tun yaushe take ciki?"

Ni dai na harɗe hannu ina kallon Yaya Godwin, kuma ban ji daɗin komai ba. Mai hoton ya ce kada mu koma gida, mu wuce babban asibiti kai tsaye.

A can suka kwantar da shi, suka yi ta ƙarin ruwa da allurai har zazzaɓin ya sauka, suka sake wasu hotunan. Babban likitan ya kira mu ya nuna mana. Robar ta yi ɓawon tsakuwa daga sama har ƙasa, ta manne, ta toshe hanyar da aka sa ta don ta buɗe. Ƙodar ta kumbura ta cika da mugunya. Na tambaye shi ko hasken nan ba zai iya ba. Ya ce da an zo da wuri, da hasken zai farfasa ɓawon a zare robar salin-alin, amma yanzu dole a buɗe. Za su duba in akwai abin da za a ceta su ceta, in babu kuma sai a cire ta kada ta kashe shi.

Habila ya kalli yayansa, kamar kullum. Wannan karon Yaya Godwin sai murza hularsa yake ta yi a hannu. Sai maigidana ya juyo wurina, karo na farko a tsawon lokacin nan.

"Maman Mercy, me kika gani?"

Na ce ya yarda a yi. Ya yarda.

Ranar aikin muka zauna a benci ɗaya ni da Yaya a bakin ɗakin tiyata, tsakaninmu wurin zaman mutum uku. Tun safe har rana ta karkata. Can wata nas ta leƙo ta ce ina 'yan'uwan Habila, a zo a ga abin da aka cire. Muka tashi tare. A cikin wani kwanon silba ta nuna mana. Ba ta yi kama da ƙodar da na sani a wurin mahauta ba ko kaɗan, wata jaka ce kawai fara-fara, ga robar a gefe ta yi kauri kamar an tsoma ta a siminti.

Kun san abin da bawan Allahn nan ya ce? Hawaye na bin gemunsa, ya ce, "To a naɗe mana ita mu tafi da kayanmu, kada a sayar."

Nas ɗin ta dube shi da tausayi ta ce, "Baba, wannan ko kyauta aka bayar babu jikin da za ta yi wa amfani. Ta daɗe da mutuwa."

Na buɗe baki zan yi magana. Na tara maganganu na shekara biyu, kowace da kaifinta, na sha maimaita su a raina ina wanke-wanke. Sai na ga tsohon ya zame ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Na rufe bakina na wuce shi.

Da la'asar aka bari na shiga. Habila na kwance, leɓensa a bushe, filasta ta rufe masa kwiɓin dama har baya. Na jiƙa auduga ina goga masa a baki, ya tsotsa bai tambayi daga ina ruwan ya fito ba. Can ya buɗe ido da ƙyar, ya nemi fuskata har ya same ta.

"Maman Mercy, sun bar mini ita?"

Na so in ce ya huta tukuna, za mu yi magana gobe. Amma mutumin da ya daɗe yana zargina, ba zan fara yi masa ƙarya yau ba.

"Ɗaya ce ta rage, Baban Mercy."

Bai yi kuka ba. Ya lumshe ido, ya lallaɓa hannu a hankali ya dafe kwiɓinsa na hagu, bai ɗauke shi ba har aka zo aka ce lokacin dubiya ya ƙare.